Abin da muka koya wajen horar da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi kan lalurar cin abinci

Kuskurenmu na farko shi ne buɗe darasi da hotunan mutane ƙashi da fata. Ma'aikatan suka tashi da tunanin cewa wanda bai rame ba lafiyarsa ƙalau, alhali mai bulimiya, wanda ke cika ciki sannan ya jawo amai ko ya sha maganin wankin ciki, galibi nauyinsa daidai yake. Muka cire hotunan.

Yanzu da tambayoyin SCOFF muke farawa, guda biyar da likitoci a Landan suka fitar a 1999 don gano mai lalurar cin abinci. Kina jawo amai don ciki ya cika miki? Kina jin cin abinci ya fi ƙarfinki? Kin zubar da fiye da kilo 6 cikin wata uku? Kina ganin kin yi ƙiba alhali ana cewa kin rame? Tunanin abinci ya mamaye rayuwarki? "E" biyu sun isa a tura mara lafiyar gaba. Mukan sa ma'aikatan su yi wa juna tambayoyin bibbiyu har bakinsu ya saba, don kunya ce ke sa ma'aikaci ya tsallake ta amai. Kuma a sallami uwa ko yayar da ta rako ta tukuna. A gabansu "lafiya lau" kawai za a ji. Samari ma ana tambayarsu.

Sai duba jiki: kanta (taurin fata) a bayan yatsu, haƙoran da ruwan ciki ya cinye, kumburi a gefen muƙamuƙi. Bugun zuciya ƙasa da 40 a minti, ko ta kasa miƙewa daga tsugune sai da dafa ƙasa, wannan na babban asibiti ne a ranar. Rama kuwa ba ta hana a gwada tarin fuka, ciwon suga da ƙanjamau.

Inda aka fi yi mana gardama shi ne ciyarwa. Hankalin kowa yana kan a ɗura mata abinci ta murmure. Amma jikin da ya daɗe da yunwa, in aka cika shi lokaci guda, sinadarin fosfet da fotashiyam na jini sukan faɗi a kwanakin farko, zuciya ta rikice. Shi ya sa ake farawa a gadon asibiti, da bitamin B1 da gwajin jini kullum. Ma'aikacin sha-ka-tafi ya rubuta nauyi da bugun zuciya da amsoshin nan biyar a takardar turawa, kada ya ba ta maganin ƙara ƙiba.