Kane Williamson: kyaftin da ba ya ɗaga murya

A nan Sakkwato masu bibiyar kurket (wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda) ba su da yawa, kuma matasanmu sun fi son ɗan wasan da ke cilla ƙwallo waje da fili. Ni kuwa Kane Williamson na New Zealand nake so su riƙa kallo, musamman waɗanda aka ba jagorancin ƙungiya.

Ya karɓi kyaftin a 2016 daga hannun Brendon McCullum, mutum mai zafin kai hari. Williamson bai kwaikwaye shi ba. Salonsa shi ne jinkirta bugu har ƙwallo ta iso ƙarƙashin idonsa, sanda kusa da jiki, hannu a sake. Amfanin sakin hannun: idan ƙwallo ta goge gefen sanda, sai ta faɗi ƙasa kafin ta kai ga masu cafka da ke tsaye bayan wiket, wato sandunan nan uku da mai bugu ke karewa. Mai riƙe sanda da ƙarfi yana miƙa hannu gaba, shi ne ake cafkewa da wuri. A ƙasa mai tauri irin tamu ta rani, inda ƙwallo ke tashi ba zato, wannan dabara ta fi kowace amfani.

Dubi wasan ƙarshe na gasar Test ta duniya (Test shi ne dogon wasan kurket na kwana biyar) tsakanin New Zealand da Indiya a Southampton ta Ingila, Yunin 2021. Sama a lulluɓe da gajimare, Williamson ya ci kuri'ar fara wasa, ya zaɓi Indiya ta fara bugu, ya shiga ba tare da mai jifan murɗa (mai jefa ƙwallo a hankali tana juyawa) ko ɗaya ba, domin ya san a irin wannan yanayi ƙwallo mai sauri takan karkata a iska. Mai jifansa Kyle Jamieson ya fitar da masu bugun Indiya 5 a zagayen farko, Indiya ta tsaya a 217. Da nasa bugun ya zo, Williamson ya tare jifa 177 don maki 49 kacal. Mai kallon lamba zai raina, amma zaman nan ne ya gajiyar da masu jifan Indiya har New Zealand ta kai 249. A rana ta shida, ranar da aka ƙara saboda ruwan sama, shi da abokin bugunsa Ross Taylor suka kammala wa New Zealand nasara, yana da 52 ba a fitar da shi ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wasan ƙarshe na kofin duniya na 2019 tsakanin New Zealand da Ingila a filin Lord's na Landan. Kowace ƙungiya ta ci maki 241, ƙarin jifa shida ma kunnen doki, aka ba Ingila kofin duniya saboda yawan bugun da ya kai iyakar fili, 26 da 17. Williamson ya fito gaban 'yan jarida bai zargi alƙali ba, bai ɗora wa ɗan wasansa laifi ba, alhali shi ne gwarzon gasar da maki 578.

A Disambar 2022 ya sauka daga kyaftin na Test, Tim Southee ya gaje shi, shi kuma ya ci gaba da bugu a ƙarƙashinsa. A Fabrairun 2023 a Wellington ya ci 132, ya zarce Taylor a matsayin ɗan New Zealand mafi yawan makin Test, New Zealand ta doke Ingila da maki ɗaya tak.