Lambar 16A da ke jikin soket mai wifi ce ta ci mini injin ruwa

Soket ɗin yana nan cikin durowata har yau. In ka danna maɓallinsa ƴar fitilar jikinsa za ta mutu, manhajar waya ma ta nuna maka a kashe yake. Amma jona masa ƙwan lantarki ka gani, ƙwan ba zai mutu ba. Ƴan ƙarafan nan biyu na ciki, masu haɗuwa su ba da wuta su rabu su yanke ta, sun narke sun manne da juna. Masu gyara rile suke ce wa wannan makunni. Shi ya manne, shi ya sa injin ruwana ya kwana yana juyi babu ko ɗigon ruwa a cikinsa.

Guda biyar na saya, irin waɗanda ake sarrafawa da manhajar Smart Life. Huɗu ban da abin faɗi a kansu: fitilun tsakar gida, fankar falo, talabijin, da na'urar maganin sauro, duk suna kunnuwa suna mutuwa a kan lokaci. Haɗa su da waya ma ba wani aiki ba ne, ka danne maɓalli kamar daƙiƙa 5 har fitila ta fara ƙyaftawa, ka tabbata wifi ɗinka a kan 2.4 GHz yake, don yawancinsu ba sa ganin 5 GHz. Abu ɗaya ka duba wajen saye: a nan Yamai bangonmu na ƙirar Faransa ne, ƙafa biyu zagayayyu, wutar kuma bolt 220. Masu ƙafa uku faffaɗa da ke shigowa ta Najeriya sai da adafta, adafta kuwa nan ne wurin da zafi ke fara taruwa.

Na biyar ɗin na ba shi aikin da ya fi ƙarfinsa. Duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san yadda ruwan famfo ke yi, da rana sai iska, sai dare ya raba ya zo a hankali. Don haka akwai tankin ƙasa da ke tara shi, injin kuma ya tura shi tankin sama. Na sa wa soket lokaci: ya kunna ƙarfe 3:00 na dare, ya kashe 3:40. Lissafin da na yi kuwa mai sauƙi ne, kuma a nan na yi kallon kitse ga rogo. An rubuta 16A a jikin soket, wato amfiya 16, yawan wutar da zai iya ɗauka. 16 sau 220 ya ba da wat 3520. Injin mai ƙarfin doki ɗaya ne, wajen wat 750. Na ce ai ko rubu'in ƙarfinsa bai ci ba.

Lissafin daidai ne, amma ba na injin ba ne. Wannan 16A ɗin an auna shi ne da kayan da aikinsu ɗumama waya kawai, irin butar dafa ruwa ko hita, waɗanda abin da suka ja a farko shi za su ja har ƙarshe. Injin mai juyawa halinsa daban. In yana gudu, irin nawa yana jan amfiya kusan 5. Amma a daidai tashinsa, kafin ya ɗauki gudu, yana fizgar ninki biyar zuwa bakwai na wannan, wato amfiya 25 zuwa 35 na ɗan ƙyaftawar ido. Ƙarafan rile kuma ba sa haɗuwa lokaci ɗaya su tsaya cak, sai sun ɗan yi tsalle, kuma kowane tsalle tartsatsi ne. Wajen kashewa ma naɗin wayar injin yana mayar da wani tartsatsin. Kowane dare fuskar ƙarfen na ƙara cinyewa, tana yin baƙi, tana ƙara zafi. Ka haɗa da raunin wutar watan Afrilu da Mayu, lokacin da kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki: wuta in ta yi ƙasa injin na daɗewa kafin ya tashi, fizgar nan kuma ta daɗe tare da shi. Ga soket ɗin a ɗan ɗakin injin mai rufin kwano, alhali takardar da yawa daga cikinsu ta ce iyakarsu zafin digiri 40, wanda Yamai ke wucewa a inuwa ma.

Bai kai wata biyu ba. A daren da abin ya faru, 3:40 ta yi, manhaja ta rubuta an kashe, rile kuwa ya ƙi saki. Tankin sama ya cika ya yi ta zuba a bango, na ƙasa ya ƙare ƙaf, injin ya ci gaba da juyi a bushe har gari ya waye. Ruwan da injin ke turawa shi ne ke sanyaya zoben da ke hana ruwa bin sandar juyi ya shiga wajen waya. Babu ruwa, zoben ya ƙone, farfelar roba ta ciki ta lanƙwashe ta kama jiki, daga nan naɗin waya ya bi. Abin da ya fi ƙona mini rai, da na duba waya da asuba ta ce mini komai lafiya. Manhajar ba ta san ko wuta na wucewa ba, umarnin da ta bayar kawai ta sani.

Mai gyaran da na kira ya juya soket ɗin a hannu ya ce, “Malam, wannan ɗan aike ne, kai kuma ka ɗora masa buhu.” Shi ya haɗa mini tsarin da nake kai yanzu, kuma da shi ya kamata in fara.

Soket ba ya taɓa wutar injin ko kaɗan. Aikinsa ya ba naɗin kontakta wuta, wato babban makunnin da maganaɗisun naɗin ke haɗa ƙarafansa, ta bakin da aka rubuta wa A1 da A2, naɗi mai bolt 220, wanda ƴan wat kaɗan yake ci. Wutar injin tana fitowa daga nata makatsin a allon gida, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ta ratsa manyan ƙarafan kontakta ta wuce. Wajen sayen kontakta a kasuwar Katako ma tarkon nan na nan, don lamba biyu ce a jikinsa. Guda ɗaya za ka ga an rubuta masa amfiya 25 a layin AC-1, na kayan ɗumama, amma 9 kacal a layin AC-3. Ta AC-3 ita ce ta injin, ita za ka duba. Mai 9 ya ishi doki ɗaya. Da soket ɗina ma an rubuta masa lamba biyu haka, da ban shiga wannan asarar ba, amma babbar kawai suke bugawa a kwali.

Sai makunnin ruwa mai yawo a kan ruwa, guda biyu, a jere a kan wayar da ke zuwa A1. Na tankin ƙasa yana yanke layi in ruwa ya yi ƙasa, na sama yana yankewa in ya cika. Ko soket ya haukace ya bar wuta a buɗe kwana uku, injin ba zai tashi ba sai akwai ruwan ja da wurin zubawa. An kuma sa rile mai jin zafi a ƙarƙashin kontakta, aka saita shi daidai amfiyar da ke rubuce a farantin injin. Kada ka dogara da shi kan gudu a bushe. Injin da ba ya tura ruwa wuta kaɗan yake ja, don haka rilen zafi ba zai ga laifin komai ba sai bayan farfela ta riga ta kama. Wannan aikin na makunnin tankin ƙasa ne shi kaɗai.

Da na zauna bincikar manhajar bayan ɓarna, ihu bayan hari, na tarar da wasu ramuka biyu da ban faɗa ba don sa'a kawai. Na farko, abin da soket zai yi in an ɗauke wuta aka dawo da ita. Zaɓi uku ne: ya tashi a kunne, a kashe, ko yadda yake kafin ɗaukewar. Ga fitila da fanka na bar shi yadda yake. Ga injin ruwa a kashe, ba tantama, don wutar da aka kawo yanzu-yanzu ba ta gama zama ba. Na biyu, inda jadawalin yake zaune. A wasu soket ɗin cikin na'urar yake, a wasu kuma sai umarni ya zo ta intanet. In irin na biyun ne, aka kunna ƙarfe 3:00 sannan intanet ta yanke, babu mai cewa kashe. Gwajin ba wuya: sa masa ya kashe nan da minti 5, ka zare akwatin wifi, ka zauna ka gani. Nawa bai kashe ba. Yanzu da saitin nan nake aiki wanda soket da kansa ke ƙirga minti 40 daga kunnuwa ya yanke. A duba agogon manhajar ma, in ya zauna a lokacin Faris, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba awa ɗaya zai riga namu.

Firiji da na'urar sanyaya ɗaki ban ƙara ko tunanin ɗora su kai tsaye ba, don kwamfuresa ma injin ne, fizga iri ɗaya, ga shi yana son hutun minti 3 zuwa 5 kafin a sake tayar da shi. Dutsen guga kuwa soket zai iya ɗaukarsa, amma abin da za ka iya kunnawa daga Tawa alhali yana kife a kan riga a Yamai bai kamata ya samu wannan damar ba.

Abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya har yanzu. Bayan asarar na sayo soket mai auna wuta, da niyyar in riƙa ganin wat nawa injin ke ci, don in ya sauka ƙasa in san ruwa ya ƙare. Sai ga shi a sabon tsarin naɗin kontakta kawai yake gani, ƴan wat ɗin nan da ba sa canzawa ko injin na tura ruwa ko yana shan iska. Na mayar da shi kan fankar falo, inda yake sanar da ni kullum abin da na riga na sani. Injin kuwa duk ranar Juma'a sai na je da ƙafata na ɗaga makunnin tankin ƙasa na sauke shi da hannu, in ji kontakta ya ce ƙas, sannan in rufe ƙofar.