Abin da aikin mayar da maɓallin wasa ya zama na kwamfuta ya koya mana

Jan maɓallin nan na roba da ake ajiyewa kan tebur, wanda ke ƙara idan an danna shi, ana iya mayar da shi abin aiki. A nan Sakkwato amfaninsa mafi kyau, a ganinmu, shi ne buga ƙ, ɗ ko ɓ, haruffan da masu buga takardu ke ta fama da su.

Darasi na farko yana wajen zaɓen allo, wato ƙaramin allon lantarki da zai haɗa maɓallin da kwamfuta. Allon Arduino Uno ba zai yi ba kai tsaye. A nemi allon Pro Micro mai ƙwaƙwalwar ATmega32U4, domin shi kwamfuta ke ɗauka a matsayin kibod da zarar an loda masa umarni, wato shirin da ake rubuta masa, an kuma jona shi. A cire batirin maɓallin, a yanke layin da ke zuwa ga abin sauti, sannan a gano ƙafafu biyu na makunnin da ke cikinsa da mitar gwada lantarki. Ɗaya a liƙa ta da dalma zuwa GND, wato fil ɗin negatif na allon, ɗayar zuwa fil na 2, a sa INPUT_PULLUP, saitin da ke tsayar da fil ɗin idan ba a danna ba, a cikin umarnin. Idan babu shi, fil ɗin zai riƙa karanta dannawar da ba a yi ba.

Makunni yana rawa kafin ya zauna, sai dannawa ɗaya ta fito uku. Jinkirin milisakan 20 zuwa 30 yana magance wannan.

Inda aka fi ɓata lokaci shi ne harafin kansa. Allon ba ya aika ƙ, lambar maɓalli kawai yake aikawa. Don haka a sa shi ya aika maɓallin F13, wanda yawancin kibod ba su da shi, sai manhajar AutoHotkey a Windows ta mayar da shi ƙ. Kuma a sa jinkirin sakan 5 a farkon umarnin. In ba haka ba, kuskure ɗaya zai sa allon ya yi ta rubutu ba tsayawa, ya hana ka gyara shi. Idan hakan ta faru, a haɗa RST, fil ɗin sake kunna allon, da GND sau biyu da sauri, a loda sabon umarni nan take.

Idan kwamfuta ba ta ga allon ba, a fara zargin wayar USB, domin da yawa na caji ne kawai. Bakin USB na Pro Micro kuma yana ɓallewa da ɗan ja, a ƙarfafa shi da gam mai ƙarfi na epoxy. Gam na kyandir yana saki idan kayan suka sha rana a mota cikin zafin Afrilu. Da hunturu kuwa, ƙura kan shiga makunnin, sai a goge shi da sifirit.