Yadda na tsayar wa firintarmu lamba ɗaya

Duk na'urar da ta hau waifai ɗin gida, rauta (na'urar da ke raba waifai) ce ke ba ta adireshi, wato lambar da ake nemanta da ita, ta hanyar tsarin rabon lambobi da ake kira DHCP, kuma aro ne na ɗan lokaci. Shi ya sa in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, firintarmu kan tashi da sabuwar lamba, kwamfutar Hajiya ta yi ta nemanta.

Don shiga saitin rauta, na buga 192.168.1.1 a burauza, wasu rautocin 192.168.0.1 ne. A saitin LAN (haɗin na'urorin cikin gida) na taƙaita rabon lambobi daga .100 zuwa .199, sannan na ɗaure lambar MAC ta firinta (lambar shaidar da ta zo da ita daga kamfani) da 192.168.1.20, don rauta ta riƙa ba ta wannan lambar kullum. Kalmar sirrin da ke manne a gindin rauta kuwa, ku canza ta, yaran maƙwabta sun iya karatu.