Godiya Bayan Kammala Koyar da Yara Zanen Fuska

Alhamdulillahi, an tashi lafiya. Sai yau na samu na zauna, har yanzu ƙafafuna a kumbure suke. Duk wanda ya bi mu tun daga ɗage ranar farawa zuwa zaman da muka yi da iyaye kan batun zanen mai rai, ya san fargabar da na riƙa kwana da ita. Waɗanda suka janye 'ya'yansu, wallahi ban riƙe kowa a rai ba. Waɗanda suka bar mana nasu, Allah ya saka da alheri.

Malamin zanenmu ya roƙe ni kada in faɗi sunansa. A Samaru ya koyo, a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, inda fitattun masu zane su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka yi karatu tun kafin wurin ya zama jami'a a 1962. Bai karɓi ko sisi ba. Shi ya hana yaranmu fara zane da ido: a fitar da siffar kai tukuna kamar ƙwai, a raba shi biyu, domin idanu a tsakiyar kai suke, ba can kusa da gashi ba. Tsakanin ido da ido kuwa faɗin ido guda ne. A miƙe hannu, a runtse ido ɗaya, a auna da fensir da babban yatsa, sai daga baya a zuba inuwa da gawayi.

Abin da ya tsaya mini a zuciya shi ne wata 'yar aji biyar da ba ta daɗe da rasa mahaifinta ba. Ta yi ta gogewa har takardarta ta huje, ta kife kai tana kuka. Gabana ya faɗi, na ɗauka mun fama mata ciwo. Malam ya durƙusa kusa da ita, ya cire takarda daga littafinsa ya ba ta. Baba maigadi, wanda shi ake zanawa, ga ciwon baya, ya koma kan kujera ya ce, “Jikata, yi a hankali, ba inda za ni.” Bai motsa ba sai da ta gama.

Baba, Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Malamar lissafi da ta saya mana fensir 2B da 4B da kuɗinta, mai shagon kayan rubutu na Sabon Gari da ya ba mu takarda bashi, mai shayin bakin ƙofa da ya kawo gawayi, Allah ya buɗa muku, ya raya zuri'arku, ya jiƙan magabatanku.

'Yan uwana da suka ce za su zo ranar nuni, na yi ta duban ƙofa. Allah ya sa lafiya.

Zanen yaran na nan manne a bangon aji har zuwa Juma'a. Iyaye, don Allah ku zo ku gani.