Wanda ya tsiro a faranti ba lallai shi ke aikin ba

Shekarata ta farko a lab wallahi na ɗauka aikin bakteriya ƙirge ne kawai, ka ɗebo ruwan datti daga tankin matatar ruwan datti da ake hura wa iska, ka sirka, ka shafa a kan agar, wato abincin bakteriya mai kauri da ake zubawa a faranti, bayan kwana 2 ka dawo ka ƙirga ɗigo-ɗigon da suka tsiro ka rubuta a littafi shi ke nan. Wata da watanni ina haka ina ta jin kaina. Sai ranar da malamar da ke duba aikina ta ɗiga ruwan nan a gilashi ta sa a maikuroskof ta ce, ɗan nan zo ka leƙa, sannan ka koma ka dubi farantinka. Kai! Abin ba a magana, cunkus suke. Ashe a ƙasa ko a ruwa, waɗanda ke yarda su tsiro a faranti galibi ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, sauran duk sun ƙi abincin da muke ba su.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu aikin gaske na cikin waɗanda suka ƙi ɗin. Masu cinye gubar amoniya a tanki su mai da ita sinadarin naitirait, irin su Nitrosomonas, a hankali suke girma sosai, kafin su motsa masu saurin hayayyafa sun mamaye farantin. Mun haddace cewa Nitrobacter ke ƙarasa aikin ya mai da naitirait zuwa naitiret, amma da aka koma karanta DNA, wato sashensa da ake kira 16S da ake bambance bakteriya da shi, wanda masani Carl Woese ya yi aiki da RNA ɗinsa a 1977, sai aka tarar a yawancin matatun ruwan datti Nitrospira ce ta fi yawa. A 2015 ma aka gano wasu Nitrospira na yin matakan biyu su kaɗai, daga amoniya har zuwa naitiret. Ka duba fa, tun 1914 masana biyu, Ardern da Lockett, suka fito da wannan tsarin hura iska a Manchesta, shekara 100 tankunan na aiki ba a gama sanin su wa ke ciki ba.

Ita ma DNA ɗin ba waliyyiya ba ce. Na taɓa barin samfur a kan tebur ya kwana ban sa a firiza ba, sakamakon ya fito da kyau har na fara murna, ashe waɗanda suka hayayyafa cikin dare na auna. Kuma mataccen bakteriya ma yana barin DNA ɗinsa, injin ba ruwansa, zai lissafa da shi.

Da na koma ɓangaren amfanin gona sai na rage wa kaina wahala. In na tumɓuke waken soya nakan fara tsaga ƙullutun da ke jikin saiwar da farce tukuna, in cikin ya yi ja-ja to bakteriyar na kama naitirojin daga iska, in fari ne ko kore suna nan zaune amma ba abin da suke tsinana wa shukar. Sai na ga wannan sannan nake ciro bututun samfur daga cikin ƙanƙara.