Sabuwar shugabar makarantar 'yata

Tun da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a Ghana a 2017 azuzuwa suka cika maƙil, mu iyaye a Aboabo muka ɗauka cunkoso kaɗai ke kayar da 'ya'yanmu a jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE. Ashe har da rashin mai sa ido.

Matar nan ba ta gina ko aji ɗaya ba. Da sassafe tana bakin ƙofa, littafin sa hannun malamai a hannunta. Takan shiga ajin lissafi, ta zauna can baya tana saurare. Yarinya ta yi fashi, har gida ake aikowa, wani lokacin ta bakin limamin unguwa.

Wallahi malaman da muke ta ƙorafi a kansu, su ne yanzu ke tsayawa darasin yamma. Allah ya saka wa Hajiya da alheri.